Muryar Baba a Cikin Kabad

Mijin yayata katifa yake sayarwa, amma duk layinmu Injiniya ake kiransa. Ba wani ne ya raɗa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa, ranar da ya gyara fankar falo ta koma juyawa da baya. Tun daga nan in ka kira shi da wani suna sai ya yi kamar bai ji ba. Ni ce autar gidanmu, ina zaune a wajensu saboda makarantata ta fi kusa da nan, don haka abin da zan faɗa da idona na gani, ba wai ba.

Kalmar nan “wai” tana da tarihi a gidanmu. Babanmu ya yi aikin karanta labarai a gidan rediyo tun kafin a haife mu har ya yi ritaya, kuma babu abin da ya tsana a duniya kamar wai. In ka ce, “Baba, wai za a ɗauke wuta,” sai ya ajiye cokali ya dube ka ta saman tabarau.

“Wa ya ce? A ina? Yaushe? In ba ki sani ba ki yi shiru. Mai labari ba ya cewa wai.”

Haka muka tashi muna tauna magana kafin mu fito da ita. Injiniya kuwa ba ya iya jera magana biyu babu wai a ciki. Wai a ƙasashen waje haka ake yi, wai masana sun gano. Duk sanda suka zauna da Baba, sai ka ga wata jijiya a goshin Baba tana ta harbawa.

To, bara aka yi wa Baba aiki a maƙogwaro. Ya warke sarai, likita ya ce ya yi magana yadda yake so. Ranar da ya buɗe baki, muryar da ta fito a shaƙe take, tana gurzawa kamar ana jan kujera a kan siminti. Ya ji ta da kunnensa, ya rufe bakin, bai ƙara buɗewa ba. In ruwa yake so ya nuna kofi, in an gaishe shi ya gyaɗa kai. Abin ya dame mu ƙwarai. Na taɓa zama a gabansa na jera masa wai da gangan, wai kaza wai kaza, ya dube ni kawai ya kau da kai. Ranar na shiga ɗaki na yi kuka har na gode Allah.

Ana cikin haka Gwaggo, ƙanwar Baba, ta tono wani tsohon kaset a ƙasan akwatinta. Ita da kanta ta naɗe shi daga ƙaramin rediyo tun tana budurwa, ranar da Baba ya karanta labarin buɗe babbar gada. Duk duniya shi kaɗai ne abin da ya rage na muryarsa ta da.

“A tara shi da tsofaffin abokansa a sa masa,” in ji Gwaggo. “In ya ji kansa, ko kishi ko kewa, ɗaya zai buɗe masa baki.”

Yaya ta ce ai maƙwabcinmu Mai Aski yana da rediyo mai kaset a shagonsa, sai a aro. Injiniya ya miƙe tsaye kamar an zage shi.

“Muryar Baba a rediyon aski? Wanda gashi ya cika masa ciki? Ina raye? A falon nan za a yi, kuma ni zan haɗa sautin. Wai akwai haɗin da in an yi shi, har numfashin mutum sai kin ji a bayan wuyanki. Gwaggo, kawo kaset ɗin in gwada.”

Gwaggo ta mayar da shi jaka ta ja zif. “Hannun da ya juya fanka ba zai taɓa kaset ɗina ba sai ranar, kuma ina tsaye.”

Washegari ya shigo da kaya niƙi-niƙi: tsohuwar amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti, na'urar kaset, sifiku tsirara babu akwati, da nadin waya mai fuska biyu, ja da baƙa a manne da juna. Ya baje su a tsakar falo, ya saƙala sukundireba a bayan kunne, ya kira ni in riƙe masa fitila duk da rana tsaka ce.

“Auta, kalli bayan na'urar nan. Me kika gani?”

“Ramuka. Ja da baƙi a dama, ja da baƙi a hagu.”

“To yau zan tona miki asirin da kamfanoni ke ɓoyewa. Jar waya ita ke kai sauti. Baƙar fa, aikin me take yi?”

“Ai takardar ta ce ja ga ja, baƙi ga baƙi.”

“Takarda! Wa ya rubuta takardar? Su. Baƙar waya ita ke satar rabin sautin ta mayar da shi cikin na'ura, don ka ji bai ishe ka ba ka koma ka sayi babba. Ni ba za a cuce ni ba. Ja ta dama, ja ta hagu, su biyu zan ɗaura wa sifika. Sauti ya shigo ta nan, ya shigo ta can, babu hanyar komawa. Dole ya fito.”

Ya zauna ya tsage wayar nan tun daga farko har ƙarshe, ya ware baƙar ya cusa ta a bayan kujera yana harararta. Da jar ta kasa masa, sai ya jawo guntun baƙa ya shafe ta da jan farcen Yaya, ya shanya a taga. Na ce ai ciki duk ƙarfe ɗaya ne. Ya ce in ƙarfe ɗaya ne me ya sa suka wahalar da kansu wajen yi musu launi biyu? Abin da ya fi ba ni haushi da shi ke nan, sai ya yi shirme ya bar ka kana neman amsa.

Saura akwatin da za a sa sifikun. Ya ce ƙaramin akwati yana matse murya, kuma muryar Baba babba ce, sai a ba ta ɗaki. Ya leƙa uwar ɗaka, idonsa ya sauka a kan kabad ɗin kayan Yaya. Kafin ta dawo daga aiki ya zube kayanta a gado, ya ɓalle bayan kabad ɗin, ya huda ramuka a ƙofofinsa, ya lulluɓe cikinsa da soson katifa daga shagonsa. Sannan ya kira Mai Aski su turo shi falo.

Kabad ya zo bakin ƙofa ya tsaya. Suka tura, ya ƙi. Suka ja baya, ya ƙi. Aka kira masu gyaran babur na bakin titi, suka yi ta nishi har wani ya yaga wando, kabad ko gezau. Ya toshe ƙofar ɗakin kwana tsaf, fuskarsa na kallon falo, buɗaɗɗen bayansa na kallon gado.

Injiniya ya share gumi ya ja da baya yana kallo. “Madalla. Daidai inda nake so.”

Yaya ta shigo ta tsaya da jaka a kafaɗa. “Ta ina zan shiga ɗakina?”

“Akwai taga ta baya. Na sa miki kujera.”

“Ni zan riƙa shiga ɗakina ta taga?”

“Na ɗan lokaci ne. Don Baba.”

Da ya ce don Baba, sai ta zagaya baya ta hau kujerar. A makon nan duk wanda ya bi ta bayan gidanmu da safe zai ga yayata, ma'aikaciyar asibiti mai mutunci, tana fitowa ta taga da ƙafa ɗaya a gaba.

Ranar gwaji ya tara maƙwabta. Ya sa wata waƙa da kowa ya sani, ya murɗa. Kiɗa ya fito siriri, ga ɗan jita can gefe, ga 'yan amshi kamar daga gidan wasu. Muka jira mawaƙin ya shigo. Wurin shigowarsa ya zo ya wuce.

“Ina mai waƙar?” in ji Mai Aski.

“Yana zuwa.”

Waƙa ta kai rabi. 'Yan amshi suna ta amsa wa mutumin da babu shi.

“Injiniya, ko dai bai zo aiki ba yau?”

“Tace shi aka yi,” in ji Injiniya, ko kunya babu. “Wai na'ura mai inganci ba ta barin murya maras kyau ta wuce. Da ma mutumin nan ba murya gare shi ba, tallata shi aka yi.”

Aka canja waƙa, aka tace wannan ma. Aka sa ta wata mawaƙiya, ita ma ba ta ci jarrabawa ba. Mai Aski da ya ga fili babu mai shi, sai ya miƙe ya ɗauki tsintsiya ya riƙe a baki ya shiga rera waƙar da kansa, har wata maƙwabciya ta leƙo daga bene ta tambaya ko wani ne ba lafiya.

Daga baya ne na fahimci abin da ke faruwa. In aka ɗaura sifika tsakanin jan dama da jan hagu, duk sautin da yake iri ɗaya a ɓangaren biyu sai ya ture juna ya mutu, kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya suna tura ƙofa, ɗaya daga ciki ɗaya daga waje. Muryar mutum kuwa a tsakiya ake ajiye ta, daidai a dama daidai a hagu. Wato mijin yayata, da aka ba shi aikin fito da murya ɗaya tak, ya ƙera na'urar da ba ta kashe komai sai murya.

A lokacin dai babu wanda ya sani, shi ma bai sani ba. Ya haɗa talabijin da kabad, Yaya ta zauna kallon fim ɗinta, mutane suna ta motsa baki kamar kifi, ba ka jin komai sai ƙarar rufe ƙofa da kukan tsuntsu.

“Me take ce masa?” in ji Yaya.

“Ki bi da zuciya.”

“Ka mayar da baƙar wayar nan, don Allah.”

“Ɓarauniyar? Matsalar ba nan take ba. Wayar ce ta yi siriri. Kiɗa siriri ne, shi ya sa yake wucewa. Murya kuwa tana da kauri, maƙalewa take yi a hanya.”

Ya je ya aro wayoyin tayar da batirin mota, masu kaurin babban yatsa, ya zaɓi jajayen ya mayar da baƙaƙen. Murya ba ta fito ba. Ya ce to kwana ce ta yi yawa, wai sauti yana jin jiri in ana yawan karya kwana da shi. Ya miƙar da wayoyin sambal daga wannan bango zuwa wancan, daidai tsayin gwiwa, falo ya koma sai ka ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Murya ba ta fito ba. Ya kwana yana tunani, da safe ya ce ya gano: sauti kamar ruwa yake, ba ya hawa tudu. Ya ɗauki amfilifaya ya ɗora ta can saman kantar jera kaya kusa da silin, don murya ta gangaro da kanta. Daga ranar in za a ƙara sauti sai an hau tebur.

“Har yanzu dai babu murya,” na ce masa.

“Muryoyin yanzu ne, Auta, ba su da nauyi. Ta Baba ta da ce. Da kin sa ta za ta gangaro.”

Ranar taro ta zo, da la'asar. Yaya ta share falo iya inda waya ta bari. Aka shigo da Baba, ya sa tabaraunsa da farar rigar da yake so, ya tsallake wayoyi ɗaya bayan ɗaya yana duban kabad ɗin da ke tsaye a bakin ƙofa. Ya dubi Yaya, ta sunkuyar da kai. Aka zaunar da shi a kujerar tsakiya. Abokansa suka zo, cikinsu har da Tsohon Direba wanda ya yi shekaru yana kai shi ɗauko labari, yanzu kunnensa ya yi nauyi sai an yi masa ihu. Maƙwabta suka cika taga da bakin ƙofa, don Injiniya ya bi layi gida-gida yana cewa a zo a ji abin da ba a taɓa ji ba. A nan kam gaskiya ya faɗa.

Gwaggo ta zuge jaka, ta fito da kaset a naɗe cikin hankici, ta sa shi da hannunta. Injiniya ya hau tebur ya murɗa, ya sauko ya danna.

Kaset ya fara juyawa. Shhhhh.

Muka jira. Shhhhh.

Kaset ɗin daga ƙaramin rediyo aka naɗe shi, dama da hagu duk abu ɗaya ne. Wannan karon ko ɗan kiɗan buɗe labarai bai tsira ba.

“Ina muryar?” in ji Gwaggo.

“Tana gangarowa.”

“Kai, ɗan nan. Ka goge min kaset?”

Na dubi Baba. Ya ɗan matso gaba a kujera, ya karkata kunne wajen kabad. Ashe yana so ya ji. Duk shirun nan da yake yi, yana so ya ji. Na ji kamar in kama Injiniya in shaƙe shi da jar wayarsa.

Shi ma na ga ya tsorata, gumi ya jiƙa masa ƙeya. Shi kansa ya ɗauka ya goge kaset ɗin. Mai hankali a nan sai ya ce a yi haƙuri a aro rediyon Mai Aski. Injiniya ya ce, “Kowa ya zauna yadda yake, kada a motsa. Bari in buɗe mata hanya ta baya.” Ya tsallake wayoyi ya fice. Ta ƙofar kicin na hango shi ya sunkuci bokitin wanke-wanke, sannan na ji kujerar bayan taga ta yi ƙara.

Jim kaɗan kabad ya yi gyaran murya.

“Jama'a masu sauraro,” in ji kabad, da wata murya mai kauri mai amsa-kuwwa, irin ta wanda ya kifa bokiti a kansa, “barkanku da... da yanzu. Ga labaran duniya da kewayenta.”

Tsohon Direba ya buga cinya. “Shi ne! Wallahi shi ne! Muryar ba ta canja ba!”

Yaya ta dube ni, na dube ta. Ta rufe fuska da mayafi.

“Wai yau an buɗe gada,” in ji kabad.

Jijiyar goshin Baba ta harba.

“Wai gadar babba ce ƙwarai. Wai tana da tsawo, tana kuma da faɗi.” Kabad ya shiga laluben abin da ake faɗa game da gada. Da bai samu ba, sai bakin ya koma hanyar da ya saba a shago. “Wai ba ta lotsawa a tsakiya. Wai ba ta riƙe zafi. Wai duk wanda ya hau ta sau ɗaya ya rabu da ciwon baya. Akwai mai taushi, akwai mai tauri ta masu ƙiba, kuma wai ana kai wa mutum har gida.”

“Gadar?” in ji Mai Aski.

“A kaset ɗina babu wannan,” in ji Gwaggo.

“Akwai, Gwaggo,” in ji kabad. “A ɗaya gefen yake.”

Wata mata a taga ta yi salati. Tsohon Direba ya tambayi na kusa da shi me aka ce, aka yi masa ihu a kunne, ya girgiza kai cike da mamaki. “Kayan zamani! Har amsa yake bayarwa!”

Da Injiniya ya tsaya a nan, da wataƙila an yi dariya an tashi. Amma mutumin nan ya samu taro, ya samu bokiti, kuma a karo na farko a rayuwarsa yana magana da bakin surukinsa.

“A wani labarin kuma, wai masana sun yi hasashen cewa nan gaba za a haifi wani babban injiniya. Wai zai auri 'yar mai karanta labaran nan, ta fari. Wai a riƙa ba shi girmansa, a daina tayar da maganar fanka. Wai ita ma autar gidan a ja mata kunne, wai ba ta da...”

Ƙurar soso da warin kafur suka kama shi. Kabad ya yi atishawa har ƙofofinsa suka girgiza.

“Sannu,” in ji Mai Aski.

“Yauwa. Wai...”

“ƘARYA CE!”

Ban gane muryar ba da farko. Ta fito a shaƙe, tana gurzawa, amma ta cika falon har bakin titi. Baba ne a tsaye, tabarau a hannu, yana nuna kabad da yatsa.

“Ban taɓa cewa wai ba! Ko sau ɗaya! Ka fito nan!”

A firgice Injiniya ya zabura zai gudu ta baya, wayar batir ta harɗe masa ƙafa, ya faɗo gaba da dukkan nauyinsa. Kabad ɗin da ƙarti suka kasa motsawa ya yi wata ƙara, ya saki ƙofa, ya taho a hankali. Mutane suka watse. Ya kifa a tsakar falo, rim! Wayoyi suka tsinke, amfilifaya ta gangaro daga saman kantar nan, ita kam ta gangaro, ta tarwatse a kan tebur. Ƙura ta lafa. Ga mijin yayata a cikin buɗaɗɗen bayan kabad, rub da ciki a kan soso, ɗuwawu a sama, bokiti a kai.

“Wai...” in ji bokitin.

“Rufe min baki!” Baba ya taka har gabansa. “Haka ake karanta labari? Tashi zaune. Cire abin nan. Saurara.”

Injiniya ya cire bokiti ya rungume shi. Baba ya mayar da tabarau, ya gyara wuyan riga, ya miƙe kafaɗa yadda muke ganinsa a tsofaffin hotuna. Ya ja numfashi.

“Masu sauraro, barkanmu da war haka. Ga labaranmu. Da safiyar yau aka buɗe sabuwar gadar da ke kan babban kogi. Motar farko da ta haye, motar asibiti ce, ɗauke da wata mata mai naƙuda. Ta sauka lafiya a ɗaya tsallaken. Wakilinmu ya ga uwar, ya ga jaririyar, kuma dukansu suna cikin ƙoshin lafiya.”

Muryar tana karyewa a wasu wurare, ya tsaya ya haɗiyi yawu ya ci gaba. Bai tsallake kalma ba. Ya karanta na gada, ya karanta na ruwan sama, har da sakamakon ƙwallo. Babu wanda ya motsa. Gwaggo tana bin sa da leɓe, hawaye na zuba a kan jakarta. Yaya ta riƙe hannuna har ya yi min zafi, ni kuwa ina kuka ina dariya, majina da komai, ban damu da wanda ke kallo ba.

“Ƙarshen labaran ke nan,” in ji Baba.

Aka ɗauki tafi har waje. Tsohon Direba ya share ido ya ce, “Wannan na biyun bai kai na farko ba, amma ya yi ƙoƙari.”

Mai Aski ya ruga shago ya dawo da rediyonsa, ya hure gashin da ke kai. Gwaggo ta zaro kaset daga cikin tarkace tana addu'a, ta sa. Ɗan kiɗa ya taso, sai ga muryar wani saurayi, garau, mai daɗi, tana cewa barkanmu da war haka. Kaset lafiyarsa ƙalau. Baba ya zauna ya saurara, kansa a karkace, har aka kai labarin jaririya. Muka zuba masa ido, muna tsoron kada ya ji bambancin ya sake rufe baki.

Ya taɓe baki. “Yaron nan sauri yake yi da yawa. Kashe. Auta, ba ni ruwa.”

Ban taɓa jin daɗin aike kamar wannan ba.

Injiniya ya fito daga kabad yana kakkaɓe soso daga gashinsa. Ya dubi Baba, ya dubi taro, na ga ƙirjinsa ya fara tasowa, na san an shiga uku.

“To, jama'a, kun dai ji da kunnenku. Na ce murya za ta fito ko ban ce ba? Ga ta nan, ba waya ko ɗaya. Wai a ƙasashen waje ma...”

“Wa ya ce?” in ji Baba. “A ina? Yaushe?”

Yanzu Yaya tana shiga ɗakinta ta ƙofa. Baba kuwa ba ya yin shiru. Yana gyara wa masu labaran talabijin magana, yana gyara wa mai kawo ruwa, yana kiran Gwaggo a waya ya gyara mata abin da ta faɗa shekaranjiya. Muryar tana nan a shaƙe, kuma babu abin da na fi son ji a duniya kamarta. Injiniya ya sayo sabon nadin waya, ja zalla, kuma wai ya fara gaya wa masu sayen katifa cewa yana gyaran maƙogwaro.

Wannan wai ɗin a hankali na faɗe shi, don Baba yana falo.